Sabo Dal

Tun da aka zagaye Kano da ganuwa, a ganin Ɗalha Bakanike, ba a taɓa wulaƙanta ɗan Adam kamar yadda aka wulaƙanta shi ranar Laraba ba: an kawo masa tuwo babu man shanu. Shi da ya raɗa wa kansa Likitan Inji har sunan ya bi shi! Yana zaune kan tabarma a tsakar gidansa na Mandawari, an idar da magariba, yana zayyana wa matarsa Mero girman laifinta, sai wani abu ya faɗo cikin miyar, tsulum.

Ya sa yatsu ya tsamo. Noti ne na inji, tsoho, gefensa ɗaya a cinye. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya jefa aljihu.

"Marasa tarbiyyar unguwar nan ne," ya ce.

Bai rufe baki ba ƙarafa suka fara sauka kan kwanon ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Da aka kira isha suka tsaya. Washegari haka, tsakanin sallolin biyu. A rana ta uku 'yarsu tilo Shamsiyya tana wanke-wanke a bakin rijiya, sai ta miƙe ƙiƙam, kwano a hannunta. Haƙoranta suka shiga haɗuwa, kas-kas-kas, irin ƙarar injin da ya gaji. Ta juyo ta dubi ubanta, ta ce da muryar tsohuwa, "Sabo dal."

Ɗalha ya san inda kalmar ta fito.

Mako biyu kafin nan maƙwabcinsa Alhaji Ari, mai fataucin busasshen kifi, ya kawo masa a-kori-kurarsa tana ƙwanƙwasa, ba ta ja. Ɗalha ya buɗe kan injin ya ga kamshaf ya cinye, wato dogon ƙarfen nan mai ƙusumbi takwas da ke buɗe bawul yana rufewa. Ya bugi ƙirji a gaban jama'ar gareji, ya ce babu ƙarfen da zai gagare shi samu a Kano. Kwana uku yana zaga kasuwa, babu irinsa. To Likita ya dawo ya ce bai samu ba? Sai ya tuna da wata matacciyar a-kori-kura da ke yashe a gindin tsamiya, cikin wani kango a Dukawuya. Ya je shi kaɗai ya kwance kamshaf ɗinta, ko sallama bai yi ba. Ya wanke da fetur, ya naɗe a kwali, ya ɗaura, ya saita, inji ya tashi lafiya lau. "Sabo dal, Alhaji," ya ce, har da rantsuwa.

Amma a gida cewa ya yi Mero ce ta watsa ruwan zafi a kwata babu bisimilla, ta ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. Mero ta yarda. Ta yi kuka, ta ɗauki azumi, tana riƙe kan 'yarta tana neman gafararta. Shamsiyya ta daina ci. Ɗalha kuwa yana ta ƙorafin an hana shi hutawa a gidansa.

A yammaci na bakwai Alhaji Ari da kansa ya ɗauko Malam Ashafa daga Shahuci, dattijo mai ruƙiyya. Alhaji ya ajiye a-kori-kurar a bakin lungu, ya zauna a soro. Malam ya shiga ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu a hankali. Hasken yamma yana janyewa daga katanga. Kaji ma sun yi tsit.

"Ya isa, Malam," muryar ta ce. "Kana ƙona ni."

"Musulma ce ke?"

"Tun kafin a haifi kakanka."

"To me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi ba. Shekara goma sha ɗaya ina cikin motar nan ta gindin tsamiya. 'Ya'yana takwas, kowa da ƙusumbin da yake matashin kai da shi. Aka zo aka zare ƙarfen. Ga shi can bakin lungu, da zafinsa, ina jin ƙamshinsa."

Daga soro aka ji Alhaji Ari ya yi gyaran murya.

"Aikin 'yan gwangwan ne, Malam, masu tsintar tsofaffin ƙarafa," in ji Ɗalha da sauri. "Ba sa barin ƙarfe."

Aljanar ta yi dariya da bakin Shamsiyya, bakin da ya fara jini. "Kwana uku ina jifansa, hularsa kawai yake karewa. Na ce bari in taɓa inda zai ji. Ashe nan ma ba ya ji. Ƙusumbi takwas, shekara takwas zan zauna a jikinta."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Yarinyar ta banƙare, Mero ta danne ta tana salati.

"Wata takwas!" in ji aljanar.

"Ko kwana ɗaya ba za ki ƙara ba," in ji Malam. "Za a mayar miki da kayanki."

"Da hannunsa. Da rana tsaka. Kuma ya faɗa da bakinsa yanzu, na soro ya ji."

Ɗalha ya dubi ƙofar soro. Ya dubi 'yarsa. Abin kunya ne a faɗa, amma ƙofar soron ya fi daɗewa yana kallo.

"Alhaji," ya ce, "ba sabo ba ne. A kango na ciro."

Shamsiyya ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta ce, "Umma, ruwa."

Washegari Ɗalha ya kwance kamshaf ɗin a gaban duk mutanen gareji, ya saɓa a kafaɗa har Dukawuya, ya yi sallama wannan karon, ya mayar. Alhaji Ari bai zage shi ba. Sawa ya yi aka ja motarsa zuwa wani garejin, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Sunan Likita ya mutu a bakin mutane. Daga masu shayi har masu faci, Sabo Dal suke kiransa.

Rannan yana zaune kan tabarmar nan yana kukan butulcin mutanen Kano, shekara talatin yana tayar musu da matattun injuna, Mero ta dire masa tuwo. Shamsiyya ta wuce ɗaki ba ta dube shi ba.

"Malam," Mero ta ce wa mijinta, "abu ɗaya zan tambaye ka. Da nake azumin nan, ina roƙon 'yata gafara, ka sani?"

Ya buɗe baki zai kawo wani zancen, ya ga idonta. Ya laluba aljihu ya fito da notin nan, ya ajiye a gefen kwano.

"Sifanata ce ta cinye masa gefe a kangon nan," ya ce. "Tun da na tsamo shi a miya na gane."