Kafin Gahawa Ta Huce

"Rudaina, baƙi na jira, gahawarsu na hucewa. Kina son sa ko ba kya so?"

Baba ne tsaye a ƙofar kicin. Can falo dattawan gidan su Mu'ayyad mai gidan burodi sun ajiye kofunansu, ba mai kurɓa sai an ba su amsa. A garin Salt haka ake neman aure.

"Ni... ni... ni..."

In'inar ta ɗaure mata harshe tamau.

"Kawu, ba ta so!" Lamis, 'yar gwaggonta da ta daɗe da ƙyalla ido kan mai burodin, ta cafe.

Tun Rudaina tana ƙarama ake ƙarasa mata magana a gidan nan. Ta sha cin abin da ba ta so don kawai wani ya riga ta faɗa.

To ita ɗin ma, ta san amsar? Wata shida tana zuwa sayen burodi don ta saba da magana da mutane. Ko sau ɗaya Mu'ayyad bai taɓa ƙarasa mata magana ba. Sai ya tsaya, hannu duk gari, yana jira, 'yan layi na tsaki. Kullum ta koma gida a ruɗe. Tausayi ne? Ba'a ce? Ko kuwa...

"Shi ke nan, bari in ba su haƙuri," Baba ya juya.

Ba ta san ta bi shi ba, sai ganin kanta ta yi a ƙofar falo, maza cike, ido ya yi mata caa.

"I... i... ina..."

"Yarinyar tana nufin..." wani dattijo ya fara.

"Baffa, don Allah bar ta," Mu'ayyad da ke zaune cikinsu ya miƙe. "Burodina ya sha ƙonewa ina jiran maganar nan." Ya sassauta murya. "Hasken idona, kada ki yi sauri."

Hawaye suka zubo mata. Ta ja numfashi, ta yi ta kokawa da kalmar, ba wanda ya yi ko tari.

"Ina... s-s-son sa, Baba!"

Kunya ta rufe Baba, ya juya ga baƙin.

"Ku sha gahawarku."

Dattijon ya kurɓa, ya yatsina fuska. "Ta yi sanyi ƙalau!"

Mu'ayyad ya shanye tasa tas, ya miƙa kofin a ƙara masa.