Wanda Ya Naɗe Bakin Waya

Ana sakkowa daga masallacin Juma'a intanet ɗin Roni ya ɗauke ɗif. Kwana tara ke nan da kamfanin waya ya farfaɗo da tsohon layin tarho da ya taso daga Kazaure, ya ɗora masa intanet mai sauri. Da injiniyan kamfanin, Hussain, ya bi layin, sai ya tarar an yanke waya taku arba'in daga akwatin da ke bakin kasuwa, an yi gaba da ita.

Kafin la'asar an jefa Mamuda mai gadin akwatin bayan kanta. Kamfani ya ce ranar Litinin sai kotu.

Sufeto Nafisat ba ta son laifin da ya warware kansa da wuri haka. Ta sa aka fito mata da Mamuda.

"Ina kake lokacin?"

"Masallaci, ranki ya daɗe. Wallahi a kulle na bar akwatin."

"Da ka dawo fa?"

"A kulle na same shi."

Ta ɗago kai. Ɓarawo ne zai gama sata ya tsaya kulle wa mutane akwati? Ta tafi wurin da kanta. Ba a fasa kwaɗon ba. An yanke wayar daidai mahaɗa, tsaf, sannan an bi bakin kowane sili an naɗe da baƙin salatef, an lanƙwasa shi ƙasa.

Ta fara da Kaumi ɗan gwangwan, wanda duk jan ƙarfen da ya ɓata a Roni sai an leƙa rumfarsa. Ya duba hoton a wayarta, ya yi tsaki.

"Hajiya, masu kawo min kaya da adda suke sara, su ƙone robar. Wannan ai ɗinki ne."

Aka birkice rumfar, babu komai. Saura injiniya, mai riƙe da makulli.

"Kai ka naɗe bakin nan?"

"Ina Kazaure har ƙarfe biyu, ki tambayi ofis. Mu murfin roba muke sawa. Wannan naɗin na mutanen da ne."

"Su wa?"

"Tsofaffin ma'aikatan tarho. Akwai wani Baba Lauwali da ya dame mu da neman aiki. Na ce masa zamaninsa ya wuce."

"Kwaɗon fa, naku ne?"

Ya sosa ƙeya. "Na da ne. Ba mu canza ba."

Ta san tsohon. Kullum yana zaune ƙarƙashin darbejiya yana kallon masu aikin.

Ta same shi ranar Asabar da hantsi a zaurensa, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, shekara nawa ka yi a layin nan?"

"Ashirin da shida, 'yata."

"Da ka bar aiki, wa ka ba makullin akwatin kasuwa?"

Ya kawar da kai gefe.

"Mai sata don ya sayar ba ya neman mahaɗa," in ji ta. "Ba ya kulle akwati. Jiya hadari ya haɗo da azahar. Wanda ya yanke wayar nan ya ji tsoron kada ruwa ya shiga layin, shi ya sa ya tsaya naɗewa. Mutum ɗaya ne a garin nan zai ji tausayin layin da yake yankewa."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "So nake su rasa yadda za su yi, su aiko a kira ni."

"Ba su kira ka ba, Baba. Mamuda suka kama. Jibi za a kai shi kotu."

Ya zabura. "Mamuda? Innalillahi! Me ya yi musu?"

Ya shiga ciki ya fito da wayar, an naɗe ta kamar sabuwar igiya, ko ƙwarzane babu. Ya ajiye makullin a kai. Tausayinsa ya kama Nafisat, amma ta buɗe littafinta ta rubuta.

"Ki saki bawan Allah, ni ne," ya ce. Sai ya laluba aljihu ya zaro tsohuwar filaya. "Amma don Allah mu bi ta kasuwa, in haɗa ta tukuna. Yaran nan ba su iya ba."