Wa Ya Taɓa Idonta?

Shekara ashirin ina gadin kangon Rumawan da ke bayan garinmu a Tunisiya. Ni nake yayyafa wa daɓen tsakuwoyi masu launi ruwa, don hoton matar da ke jikinsa ya fito sosai. Amma Mongi, mai gyaran kayan tarihi da ya zo jiya-jiya ya cike mata idon da ya ɓantale, shi baƙi ke tafa wa. Har matata cewa take, "Hannun Malam Mongi akwai albarka." Abin yana ci mini rai.

Wata rana da magariba na zo rufe ƙofa, sai na tarar da wani dattijo tsugune gaban hoton, lulluɓe da farin mayafi. Warin ɗanyar farar ƙasa ya cika ɗakin.

"Baba, an tashi," na ce.

Bai ɗago ba. "Idon nan na hagu sabo ne. Wa ya yi shi?"

Muryarsa kamar ana jan dutse a kan dutse. Na waiga, ba Mongi, ba kowa. Yau dai yabo ya faɗo hannuna.

"Ni ne," na ce, har da buga ƙirji. "Da hannun nan nawa."

Ya miƙe, ya tako ta kan jiƙaƙƙen daɓen, ko sawu bai bari ba. Ya kama wuyan hannuna da yatsu masu sanyin ƙarfe.

"A zamanin Rumawa, shekara bakwai na yi ina jera tsakuwoyin fuskarta, ban yarda kowa ya taɓa ta ba," ya ce. "Wannan hannun ka ce, ko?"