Akurkin Bayan Gidan Dalhatu

Ranar Laraba ce, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa a bayan gonakin Masanawa. Maiturare na bakin murhu tana tuƙa tuwo, hayaƙi na tashi a miƙe don babu iskar da za ta karkata shi. Autarta Ummukulthum, 'yar shekara goma sha shida, ta ɗauki ƙoƙon tsaki ta zagaya bayan ɗakuna, za ta kora kaji akurki kamar yadda take yi kullum kafin kiran magariba.

Kajin suka ƙi shiga. Su wajen talatin, suka cure a gindin katanga, kowacce ta miƙe wuya tana kallon ƙofar akurkin. Ba kuka, ba tono. Ta watsa musu tsaki, ko ɗaya ba ta sunkuya ba.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon akurkin. Ta ɗaga kai tana neman wanda ya jefo, na biyu ya faɗi a gaban ƙafarta. Ba daga bayan katanga ya zo ba, daga sama ya sauko a miƙe. Ta sa hannu ta taɓa shi, ta ji shi da zafi kamar an ciro shi daga wuta.

"Inna," ta ce. "Inna, zo ki gani."

Kwana biyu ke nan da mutuwar karen gidan.

Maigidan, Dalhatu, manomi ne, kuma mutum ne mai son komai ya tsaya inda ya ajiye shi, ko kaya ko dabba ko mutum. Bayan an gama girbi ya ƙudurta zai yi kiwon kaji sosai. A kusurwar bayan gidansa akwai kututturen tsohuwar tsamiya, da babban suri a jikinsa. Maiturare ta ce masa a bar wurin, tun zamanin surukarta ba a ko zuba ruwan zafi a can. Ya ce zancen mata ne. Ya sa diga ya rushe surin, ya zuba baƙin mai a ramin ya cinna wuta, sannan ya kwaɓa ƙasar da ruwa ya gina akurki da ita. Ya yi masa rufin kwano, da taga mai waya, da sanduna a ciki inda kaji za su hau su kwana. Duk wanda ya gani sai ya yaba.

Da tunku da muzuru suka fara ɗaukar masa 'yan tsaki, sai ya karɓo ɗan kwikwiyo ja daga wajen wani maharbi. Ummukulthum ce ta sa masa suna Jatau, ita ce kuma take ba shi ƙanzo da ruwa. Dalhatu ya ɗebi toka ya shata layi daga bakin rijiya zuwa katanga. Nan ne iyakar kare. Tsakar gida wurin salla ne da girki, ba zai taka ba. Ƙofar akurki ma ba zai matsa kusa da ita ba. Kullum da safe sai ya tsaya a ɗaya gefen layin da guntun nama a hannu yana kiran karen. Idan ya tsallako, sai ya zabga masa dorina. Idan ya ƙi zuwa, sai ya bi shi ya dake shi don ya ƙi amsa kira. Cikin wata biyu Jatau ya gane. Yakan zo bakin tokar ya kwanta, hancinsa kusa da ita, jikinsa na rawa.

Abu ɗaya ne duka bai raba shi da shi ba. Da rana ta faɗi, sai ya tsaya tsakanin akurkin da tagar ɗakin Ummukulthum, gashin bayansa a tsaye, yana gurnani a kan abin da ba wanda yake gani.

Da bazara ta shigo aka fara wayar gari ana tarar da kaza a mace a ƙofar akurki, wuya a murɗe. Yau ɗaya, jibi biyu. Ranar da abin ya kai kan babban zakaransa, Dalhatu bai tsaya duba ko akwai shaidar haƙori ba. Ya ɗaure mushen a wuyan Jatau da waya, ya ɗaure Jatau a turke a tsakiyar rana, ya ce ba ci ba sha sai ya ga dama. A rana ta biyu mushen ya kumbura, ƙudaje suka rufe fuskar karen. Ummukulthum ta saci jiki ta kai masa ruwa a kasko. Uban ya riske ta, ya shure kaskon, ya mare ta har ɗan kunnenta ya fita. A rana ta uku da azahar Jatau ya mutu. Dalhatu ya ja shi da igiya ya jefa a tsohon kududdufin bayan gari.

To, tun daga waccan Larabar jifa bai sake tsallake magariba ba. Da liman ya kabbara, sai duwatsu su fara sauka, a kan rufi, a cikin tukunyar miya, a randa. Maƙwabta suka hau katanga da tocila, ba su ga kowa ba. Bayan jifan sai aka fara jin murya daga cikin akurkin, siririya, ta tsohuwa, tana kiran kare irin yadda Dalhatu yake kira, har da ɗan fiton da yake yi. Maiturare ta daina girki a waje. Gidan ya yi shiru irin na gidan makoki.

A rana ta shida Ummukulthum ta tafi rufe kaji ba ta dawo ba. Uwar ta tarar da ita tsugune a cikin akurkin, kanta ba ɗankwali, tana murmushi. Aka fito da ita. Ta daina cin abinci. Idan aka yi mata magana sai ta karkata kai gefe tana kallon mutum da ido ɗaya, yadda kaza take yi.

Washegari da safe Dalhatu ya buɗe ƙofar ɗakinsa zai fita, ya ga an shata layin toka a bakin ƙofar, daga bango zuwa bango. Ya yi tsaki ya tsallaka. A ɗaya ɗakin yarinyar ta ƙwalla ƙara ta faɗi. Maiturare ta ɗaga mata riga, ta ga shatin bulala ya taso a gadon bayanta, sabo, yana tsattsafo da jini.

"Malam, don girman Allah koma ciki," in ji ta. "Kai ne. Da ka tsallaka aka dake ta."

"Ƙarya take yi. Ita ta karce kanta."

Ya koma ya sake tsallakawa don ya gwada. Ƙara ta sake tashi. Ya tsaya, ya dubi tokar, ya dubi matarsa da ta durƙusa tana roƙonsa, sannan ya sake yi na uku. Sai da ya ga shati uku a jere da idonsa ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado. Ranar a ciki ya yi sallolinsa.

Maiturare ba ta nemi izininsa ba. Ta buga wa yayanta waya a Kabo, kafin la'asar ya iso a kan babur ɗauke da Malam Muhammad Nur, wani dattijo siriri da ya yi suna wajen ruƙiyya. Malam ya gaisa da mutanen gida a tsanake, ya tambayi gajiya da zafi da mai jiki. Ya zagaya ya dubi akurkin, ya daɗe a tsaye. Sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Dalhatu, don maigidan ya ji komai daga inda yake. Aka zaunar da yarinyar, aka lulluɓe ta da mayafi, uwar ta riƙe ta ta baya. Ya sa ganyen magarya a ƙwaryar ruwa, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta miƙe har ta rufe tabarmar. Can sai jikin yarinyar ya sandare, wata dariya ta fito daga ƙarƙashin mayafin, busasshiya, ba ta yarinya ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me ya haɗa ki da baiwar Allah nan?"

"Ni ce mai gidan da aka rushe. Tun kakan wancan bai san Masanawa ba nake gindin tsamiyar nan. Ya ƙona min ɗaki da jikokina biyu a ciki, ya kwaɓa ƙasata ya zuba kaji suna min kashi a kai."

"To ita me ta yi miki?"

"Ba komai. Ita kaɗai ce abin da zai ji zafinsa a gidan nan. Na daɗe ina son shiga, jan karen nan ya hana ni. Duk magariba yana tsaye a ƙarƙashin tagarta." Muryar ta yi ƙasa, kamar mai ba da labari mai daɗi. "Sai na fara murɗe wuyan kajin. Na san halin mutumin. Ban taɓa karen da hannuna ba, Malam. Shi ya yi min aikin, a kwana uku."



Malam ya ce, "An zalunce ki, ke ma kin yi zalunci. Fita za ki yi."

"A yanka min kajin duka a bakin kututturen, in sha jini, sai in tafi."

"Ba a yanka don wanin Allah. Ko ƙwai ba za ki samu ba."

Ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu yana yayyafa ruwan. Yarinyar ta yi ta birgima, uwar na kuka tana riƙe da ita. Duwatsu suka fara sauka kewaye da tabarmar, ko ɗaya bai taɓa Malam ba.

"Tsaya! Tsaya, na ji. A rushe akurkin a mayar min da ƙasata. Da hannunsa, ba da diga ba."

"Wannan haƙƙinki ne. Malam Dalhatu, ka ji?"

"Na ji," in ji Dalhatu, da ƙyar.

"Ka yarda?"

"Na yarda."

Malam ya sa aljanar ta yi alkawari da sunan Allah sau uku cewa ba za ta dawo ba, ba za ta aiko wani ba. Ya ce ta fita ta yatsan ƙafa. Babban yatsan Ummukulthum na hagu ya yi rawa, ta yi atishawa uku, jikinta ya saki. Wata iska ta taso daga tsakar gida ta share tokar bakin ƙofa, ta bi ta kan katanga ta wuce. A masallaci aka fara kiran magariba, kuma ba dutsen da ya faɗo.

Dalhatu ya fito a hankali, ya ɗaga ƙafa ya taka waje yana sauraro. Ba ƙara. Ya zo ya durƙusa a gefen tabarmar, ya miƙa hannu zai dafa kan 'yarsa.

"Auta, sannu. Sannu, kin ji?"

Ba ta buɗe ido ba. Muryar da ta fito a sanyaye take, ba ɗaga sauti.

"Kada ka taɓa ni. Ranar da Jatau zai mutu, da ka zo wucewa, sai da ya kaɗa maka wutsiya. Ina kallo ta taga. Kai ma ka gani."

Dalhatu ya janye hannu da sauri, ya juya a firgice.

"Malam, ba ta fita ba! Ka ji ta, tana nan!"

Malam Muhammad Nur yana zubar da ragowar ruwan magaryar a gindin bango. Ya kife ƙwaryar, ya ɗauki butarsa zai yi alwala, sannan ya dube shi.

"Ta fita, Malam Dalhatu. Wannan 'yarka ce take magana, kuma ba ni da karatun da zan yi mata."