Ƙasar Da Ya Ciko

"Zaharaddeen! Ka fito daga ramin nan!"

Naja'atu ce tsaye a tsakiyar busasshen rafi. Saurayinta ya ɗago, shebur a hannu, zufa ta jiƙe masa riga sharkaf.

"Lafiya, Najata? Wa ya taɓa min ke?"

"Kai! Ɗaga kanka ka ga abin da ke samanka."

Ya ɗaga kai. Gaɓar ta zaftare, saiwoyin aduwa na reto a fili. A saman nan maƙabartar garin take, kuma a gindin aduwar aka binne mahaifinta. Mata ba sa shiga maƙabarta, daga garkar albasarsu ta tsallake take hango kabarin kullum ta yi masa addu'a.

"Taku bakwai ya rage, Deeni... taku bakwai ruwa ya tafi da Babana!"

Ya jefar da shebur ɗin.

Shekara huɗu ke nan tifofin Funtuwa na kwasar yashi a rafin ƙauyensu da ke bayan Tsiga. Birni na ta tashi, gaɓa na ta faɗuwa, kowa kuwa ya iya kau da kai. Duk matashin garin haƙa yake, amma sunan Zaharaddeen kaɗai aka kai gaban Baffa Maiwada, ƙanin mahaifinta da ke riƙonta. Wanda ya kai sunan kuwa ɗan Baffan ne, Muhammad Sani mai tifa. Tun da Naja'atu ta ce ba ta sonsa yake neman ranar ramuwa, alhali shi ya fara tura leburori ƙarƙashin gaɓar, don a nan yashi mai kyau yake.

Ranar da Zaharaddeen ya je neman aurenta, Baffa ko tabarma bai shimfiɗa masa ba.

"Kana tone ƙarƙashin yayana, kana neman 'yarsa? Mayar da gaɓar yadda take kafin rafi ya kawo, in ba ka ita. In ruwa ya taɓa kabarin nan, kada ka sake tako min ƙofar gida."

"Na amince, Baffa."

Wata biyu ya yi yana ciko shi kaɗai. Ya jera buhunan yashi, ya danne su da duwatsu, ya zuba jar ƙasa a bayansu, ya dasa ciyawar jema don saiwarta ta riƙe. Naja'atu ta bi gida-gida tana roƙon tsofaffin buhunan taki, tana ɗinke su da basilla har yatsunta suka farfashe. Rannan ta tarar yana ɗure tulin yashin da ya tara don buga bulon ɗakinsu cikin buhuna.

"Deeni, ɗakinmu fa?"

"Ko rumfar kara ce, in dai da ke a ciki, ta ishe ni."

"Kai dai ka iya daɗin baki!"

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Wallahi ba ta taɓa son sa kamar ranar ba.

Wata Talata da hantsi, rana tsaf a garin, ashe an kwana ana tafka ruwa can saman rafin. Tana cikin garka ta ji rugugi daga nesa. Ta waiga tsallake. Jiya tifar Muhammad Sani ta sake ɗiba a gefen cikon, ta bar kafa, ga Zaharaddeen can ƙarƙashin tsohuwar gaɓa yana toshe ta.

"Deeni! Rafi ya kawo! Ka fito!"

"Buhu biyu ya rage, Najata!"

"Ka bar su! Don Allah ka bar su... na fasa, ni kai nake so!"

Ya ajiye na farko. Ya sunkuya ya ciccibi na biyu, ya cusa shi a kafar, ya juyo yana ɗaga mata hannu.

A lokacin tsohuwar gaɓar da aka rarake ta rufto masa.

Ihunta ma ba ta ji ba. Ruwa ya iso ja wur, ya daki buhunan, ya sake dukansu, sannan ya karkata ya wuce. Ko ɗaya bai motsa ba, aduwa na nan tsaye.

Sai bayan azahar mazan gari suka tono shi. Muhammad Sani kuwa ya tada tifarsa ya yi Funtuwa, ko jana'iza bai tsaya ba.

Da la'asar Baffa ya shigo gida, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ya daɗe tsaye a ƙofar ɗakinta.

"Naja'atu... yaron nan ya cika alkawari. Ni na tura shi. Ki yafe min."

Hawayenta sun ƙafe tun a bakin rafi. Ta dube shi kawai.

"Baffa, ina kuka sa shi?"

Tsohon ya durƙusa.

"Kusa da mahaifinki, a ƙasar da ya ciko. Mun duba ko'ina, 'yata... duk maƙabartar babu inda ya kai nan ƙwari."