Saƙon da Bai Isa Gidan Su Jumma Ba

A shekarar da aka kawo turakun lantarki unguwar Jekadafari, an yi wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da ƙoƙari a makaranta, ga saurin aike. Aibinta ɗaya ne, riƙo. In ka ɓata mata yau, sai ta ajiye maka abin a rai har bayan salla.

A ƙofar gidansu akwai wani tsohon maɗaci. Ya girmi babanta, ya girmi gidan ma. Amma gara ta cinye cikinsa, rabinsa ya bushe, ga shi ya tare hanyar da waya za ta bi. Baba ya ce gara a sare shi tun iskar damina ba ta kayar da shi a kan mutane ba. Inna ta ji daɗi, don tun da gari ya cika da baƙi itacen girki ya yi tsada.

Baba ya kira Titus, mutumin Kaltungo, wanda sana'arsa ke nan. Ya zo da abokan aikinsa, da gatura, da dogon zarto, da igiya mai kauri. Tun da safe suke sare rassa, suna saukowa da su a hankali. Bayan azahar sai uwar itacen ta rage, da wani ƙaton reshe da ba ya hawuwa.

Titus ya ƙwanƙwasa gindin da bayan gatari, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Ya gaya wa Baba cewa fili zai nufa da shi, amma itace mai kogo yakan murɗe ya faɗi inda ya ga dama. Don haka ba zai ƙara sara ko ɗaya ba sai kowa ya fita daga gidajen da ke kusa.

To, maza ba sa shiga gidajen matan aure. Sai Baba ya kira yarinyar.

Ya ce, "Ki shiga kowane gida a layin nan. Ki ce kowa ya fito, babba da yaro, a koma bakin masallaci. Kada ki tsallake ko ɗaya."

Ta ce, "To, Baba."

Ta ruga. Ta shiga nan, ta fita can, tana faɗa da ƙarfi. Mata suka yi ta fitowa da goyo da mayafi. Sai ta iso gidan su Jumma, wanda katangarsa ke gefen maɗacin.

Jumma ƙawarta ce tun suna rarrafe. Amma tun makon jiya suke gaba. Kuma a kan me? A kan wasan carafke. Jumma ta ce yarinyar ta yi coge, ita kuwa yarinyar ta rantse ba za ta ƙara yi mata magana ba. Abin da bai kai ya kawo ba.

Ta tsaya a zaure. Tana jin Jumma a jikin katanga tana wanke-wanke tana 'yar waƙarta. In ta shiga, da ita za ta fara cin karo. Kuma kowace yarinya a unguwar ta sani, wadda ta fara magana ita aka ci.

Ta ce a ranta, ai ba nan itacen zai faɗi ba. Kuma su kurame ne da ba sa jin sara? Ta manta cewa tun safe ake saran, kunnen kowa ya saba. Ta juya ta fita abinta.

Baba ya ce, "Kin shiga ko'ina?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na shiga."

Titus ya ɗaura igiya a sama, ya ba mutanensa suka ja da nisa. Ya sare baki mai faɗi a ɓangaren fili, sannan suka koma baya da zarto. Yarinyar tana tsaye a bakin masallaci kusa da Inna. Ta duba cikin mata, ba Jumma, ba mahaifiyarta Goggo Suwaibatu. Har yanzu da sauran lokaci. Kalma ɗaya za ta faɗa a dakata. Amma ta ji tsoron a gane ta yi ƙarya, ta ja bakinta ta yi shiru.

Maɗacin ya yi ƙara, ya fara sunkuyawa wajen fili. Sai gindin ya tsage. Itacen ya murɗe, igiya ta ƙwace daga hannun masu ja, ƙaton reshen nan ya sauka a kan katangar su Jumma. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta tashi.

Sannan aka ji ihun Goggo Suwaibatu daga ciki.

Ran nan ba wanda ya tsaya neman izini. Maza suka shiga, suka yi ta ture ƙasa da hannu. Aka ciro Jumma, jikinta duk jar ƙasa, ƙafarta ta dama ta karye. Kwanukan da take wankewa sun lanƙwashe a wurin. Ba ta ko motsi, sai da aka yayyafa mata ruwa ta buɗe ido.

Mutane suka yi ca a kan Titus, wasu har suna cewa a kira 'yan sanda. Shi kuwa ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Goggo Suwaibatu tana kuka tana cewa ba wanda ya gaya musu komai.

Baba ya juyo ya dubi 'yarsa.

Ta fashe da kuka ta ce, "Ba laifinsa ba ne. Ni ce ban shiga ba. Gaba muke yi da Jumma."

Baba ya ce, "Saboda gaba kika bar ta a ƙarƙashin itace?"

Da ya doke ta ma da ya fi mata sauƙi, amma bai taɓa ta ba. Ya je ya ba Titus haƙuri, ya ba iyayen Jumma haƙuri, ya ɗauko mai ɗori. Daga gida tana jin kukan Jumma lokacin da ake gyara ƙashin. Ta kasa cin tuwo.

Washegari Titus ya dawo ya yanka itacen gungume-gungume, aka faskara, aka jera a rana. Baba ya gyara katangar da ta rushe. Sannan ya ce ko tsinke ɗaya ba za a ƙona a gidansa ba. Mai ɗori ya ce sai an riƙa gasa ƙafar Jumma da ruwan zafi, don haka itacen can za shi.

Ya ce da yarinyar, "Ke za ki riƙa kaiwa. Ki shiga ta zauren da kika ƙi shiga."

Ta zaɓi busassun faskare, ta ɗaure, ta ɗora a ka. Ta bi ta zauren ta shiga. Goggo Suwaibatu ta amsa sallamarta a daƙile. Yarinyar ta hura wuta, ta ɗora ruwa, sannan ta durƙusa a bakin tabarmar Jumma.

Ta ce, "Jumma, ki yafe mini. Kuma ran nan gaskiyarki ce, na yi coge."

Jumma ta dube ta jim kaɗan, ta ce, "Ai na sani. Gyara mini matashin nan."

Haka ta yi ta kai itace kullum kafin ta tafi makaranta. Da yamma ta dawo ta koya wa Jumma abin da aka yi a aji. Sannu a hankali Goggo Suwaibatu ta saki fuska. Kafin tarin itacen ya ƙare, Jumma ta taka ƙafarta, suka koma makaranta tare.

Da aka zo sare wata bishiya a bayan layinsu, su biyu aka aika. Suka shiga kowane gida, suka leƙa kowane ɗaki, har bayan rumbu. Sai da suka tabbata ba kowa, sannan suka ce wa Titus ya sa gatari.

Yara, ba a sare babban itace sai kowa ya yi nisa da shi. In an ba ku saƙon da zai tsare ran wani, ku kai shi, ko da kuna fushi da shi. Fushi yakan wuce, amma itace in ya taho ba mai tare shi.