Jajayen Idanun Tsohuwa

A wani gari an yi wata yarinya mai son ɗaukar hoto. Ran nan ana suna a gidansu, ta ɗauki hoton wata tsohuwa mai ƙosai da ke zaune a ɗaki mai duhu. Da ta duba hoton a wayarta, sai ta ga idanun tsohuwa jajir kamar garwashi.

Ta nuna wa ƙawarta, ƙawa ta ce, "Mayya ce!" Ta nuna wa yayarta, yaya ta ce, "Mayya ce!" Kafin la'asar hoto ya zaga unguwa. Aka daina gai da tsohuwa, aka daina sayen ƙosanta, samari suka fara tara duwatsu a ƙofar gidanta.

Yarinya ta kasa cin abinci. Ta kai wa mai hoto na bakin kasuwa hoton. Ya duba, ya rufe taga, ya haske ta da kyamara. Sai ga nata idanun a hoto jajir kamar garwashi.

Ta ce, "Wayyo, Baba, ta kama ni!"

Ya ce, "Babu mai kama ki, 'yata. Haske ne ya shiga ido ya dawo." Ya danna nan a kwamfuta, ya danna can, ja ya ɓace daga idon tsohuwa. "Saura naki."

Yarinya ta ce, "A'a, Baba, bar shi haka."

Ta karɓi hotonta, ta nufi ƙofar tsohuwa. Ta ɗaga wa samarin shi, ta ce, "To, ku fara da ni."